Horon Aku Sai Da Haƙuri

Garin Lolo yana kusa da kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi. In ka taɓa tafiya kaɗan daga garin sai ka ga kanka a Madekali, cikin Jamhuriyar Benin. Mutanen wurin manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. Idan gero da dawa suka nuna, yaran da ke tsaron gona sukan ga wata koriyar tsuntsuwa mai doguwar wutsiya da lanƙwasasshen baki tana sauka bisa zangarniya. Sunanta tsirya, ita kuwa dangin aku ce. Shi babban aku, mai launin toka da jar wutsiya, ba ya zama a dajin ƙasarmu. Gidansa kurmi ne, can kudu inda ruwan sama ya yawaita.

Yawancinku kun san aku daga littafin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, inda aku yake ba ɗan sarki labaru. Saboda haka yara da yawa suna sha'awar su ajiye shi a gida. Amma akun gaske ba labari yake bayarwa ba. Ci yake yi, ya sha, ya yi kashi, kuma kashin nan shi ne mafarin rigima tsakaninsa da ubangidansa.

Wani yaro ɗan aji huɗu a Lolo ya tsinci 'yar tsirya wadda iska ta jefo daga kogon itace. Ya kai ta gida, ya yi ta ba ta gero jiƙaƙƙe har ta yi fiffike, ta saba da shi. Sai ta shiga ɓata masa wuri. Yau ta yi a kan tabarma, gobe a kan rigarsa ta makaranta, jibi a kan littafinsa na lissafi. Yaro ya fusata, ya sami kara, duk sa'ad da ta yi sai ya tsula mata. Kafin mako ya kewayo tsuntsuwa ta daina zuwa hannunsa, in ya matso sai ta cije shi, abinci ma ba ta ci sosai.

Kakarsa tana kallonsu. Ran nan ta kira shi, ta ce, "Maigidana, zo nan. Me 'yar tsuntsuwar nan ta yi maka?"

Ya ce, "Kaka, ba ta jin magana. Ko'ina ta ga dama sai ta ɓata."

Ta ce, "Kai fa, sa'ad da kake goye, zane nawa ka ɓata mini? Wa ya taɓa dukanka? Lura muka yi da kai. Da mun ga ka fara mutsu-mutsu sai mu sauke ka, mu ɗora ka bisa ƙafa, har ka gane da kanka."

Ni a ganina tsohuwar nan ta faɗi gaskiya. Ana iya koya wa aku ko tsirya wurin yin kashi, amma da lura da haƙuri ake yi. Duka ba ya koya wa tsuntsu kome sai tsoro. Bari ku ji dalili.

Da farko, jikin tsuntsu ba irin namu ba ne. Aku ba shi da mafitsara inda zai tara fitsari. Fitsarinsa da kashinsa tare suke fita ta ƙofa guda, farin nan da kuke gani cikin kashin tsuntsu shi ne fitsarin. Abinci kuma ba ya daɗewa a cikinsa, gama mai tashi sama ba ya son nauyi. Ƙaramin tsuntsu na dangin aku yakan yi kashi bayan kamar minti 15 ko 20, babba kuwa yakan ɗan jima fiye da haka. A daji yana bisa reshe zai saki abinsa ƙasa, ba wanda zai ce masa don me. Ashe kuwa in ya yi a kan tabarma ba rashin kunya ba ne, halittarsa ke nan. Wanda ya doke shi ya doki marar laifi.

Na biyu, tsuntsu ba ya haɗa dukan da abin da ya yi ɗazu. Abin da ya sani kawai shi ne hannun nan da ke ba shi gero yau ya cuce shi. Daga nan sai ya ƙi hannun.

To, yaya za a yi? Sai ka fara da kanka, watau ka koyi lura. Ka zauna kwana biyu ko uku kana duban tsuntsunka. Za ka ga yana da lokatai: da sassafe in ya farka, da bayan ya ci abinci, da sa'ad da zai tashi. Yana kuma da alama. Yakan ɗan ja da baya, ya tsuguna, ya ɗaga wutsiya. In ka san wannan ka ci rabin aiki.

Sa'an nan ka zaɓi wuri guda. Ka kafa ɗan icce mai reshe a gefen tsakar gida, nesa da randa da madafa, ka ajiye kasko a ƙarƙashinsa, ka zuba yashi a ciki. Yashi ba ya wuya ga mutanen bakin Kwara. Da ka ga lokaci ya yi, ko ka ga alamar, sai ka ɗauke shi a hankali ka ɗora shi bisa iccen, ka faɗi kalma guda, kamar "Yi nan." Kada ka sake kalmar, kullum ita za ka faɗa. In ya yi, nan take ka yabe shi da murya mai daɗi, ka ba shi ƙwayar gyaɗa mai kyau ko ɗan yankin gwaiba. In ya kuskure ya yi a wani wuri, ka yi shiru, ka goge. Wani tsuntsu yakan gane cikin 'yan kwanaki, wani sai an yi makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma kashedi. Kada ka matsa masa har ya zama ba ya yi sai ka ba shi izini. Tsuntsun da ya riƙe kashi yana jiran ubangidansa ya dawo daga makaranta zai yi ciwo. A cikin kejinsa a bar shi ya yi duk sa'ad da ya so. Kuma ko wanda ya horu ƙwarai yakan yi kuskure wata rana.

Waɗansu za su ce, "Ai tsuntsu tsuntsu ne, ina ya ga hankalin da zai koyi wannan?" Amsa ita ce an gwada an gani. A ƙasar Amurka wata malama mai binciken halin tsuntsaye, Irene Pepperberg, ta sayi aku mai jar wutsiya a shekarar 1977, ta sa masa suna Alex. Ta yi shekara 30 tana koya masa, har ya mutu a 2007. Akun nan ya san sunayen abubuwa wajen 50, da launi 7, yana kuma ƙidaya har 6. In ya faɗi sunan abu daidai, sai a miƙa masa abin. Tsuntsun da danginsa suka iya haka, gane wurin kasko ba zai gagare shi ba.

Waɗansu kuma za su ce, "Me ya yi zafi? A bar shi ya yi inda ya so, in ya bushe a share." Wannan kuskure ne babba. Akwai wata cuta da ake kira zazzaɓin aku. Ƙwayoyinta sukan kasance cikin kashin tsuntsu marar lafiya. In kashin ya bushe ya zama ƙura, mutum ya shaƙa, sai ya kamu da zazzaɓi da ciwon kai da tari. A 1929 da 1930 cutar nan ta kama mutane da yawa a Turai da Amurka, har waɗansu suka mutu. Yanzu likitoci suna da maganinta, amma rigakafi ya fi magani. Saboda haka kowace safiya ka yayyafa ruwa kafin ka share, don kada ƙura ta tashi. Ka zubar da yashin kasko a gona, ka sa sabo, ka wanke hannunka da sabulu. Kada ka bar ƙanenka mai rarrafe ya je wurin.

Kun ga dai ajiye aku aiki ne, ba wasa ba. Babban aku yakan yi shekara 40 ko fiye a hannun mai kula da shi, watau yaron da ya karɓe shi yana aji huɗu zai iya yin furfura tare da shi. Yawan kama shi ana sayarwa, da saran kurmi, sun sa ya ragu ƙwarai. Don haka a 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg, cikin Afirka ta Kudu, suka hana cinikin aku mai jar wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ku mazauna bakin iyaka ya kamata ku san wannan. In wani ya zo da irinsa cikin kwando zai ƙetare da shi, ko ya ce ku saya, kada ku sa hannu.

Yaron nan na Lolo ya ji maganar kakarsa, ya jefar da kara, ya kafa icce, ya sa kasko. Sai da ya yi kwanaki yana lallashi kafin tsiryarsa ta yarda ta sake hawa hannunsa. Ku ma in tsuntsu ya shigo hannunku, ku tambayi kanku ko za ku iya lura da shi, ku share wurinsa kullum, ku haƙura da kuskurensa. Wanda ya ga zai iya, ya yi da kyau. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya bar tsirya bisa itacenta, ya riƙa kallonta daga nesa.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsuntsu yake yawan yin kashi?
2. Wace alama aku yake nunawa kafin ya yi?
3. Don me ake yayyafa ruwa kafin a share wurin tsuntsu?
4. Wace shawara aka yanke game da aku a shekarar 2016?