Kafin a haƙo wa Tafkin Chadi ruwa daga Kwango

Duk taron da aka yi kan Tafkin Chadi sai an maimaita cewa kashi 90 cikin 100 na ruwansa ya ƙafe. Gaskiya ne a 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse shi. Amma masana kimiyyar ƙasa da ke bin hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina raguwa, har ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi ya ƙaru.

Wannan muhawara ta shafi kuɗinmu. A taron Abuja na 2018 an goyi bayan shirin Transaqua, wato haƙa mashigin ruwa mai tsawon kusan kilomita 2,400 daga yankin Kogin Kwango. Ni dai ban yarda a zuba biliyoyin daloli kan ciwon da likitoci ba su gama tantance shi ba.

Kogunan Chari da Logone ne ke kawo mafi yawan ruwan tafkin, kuma su ne suka yi ambaliya a Njamena a 2022. Masunci a Baga da manomin Diffa sun fi buƙatar sanin lokacin da ruwa zai hau ko ya janye.

Ya kamata Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ta fara da gyara tashoshin auna ruwa, ta ɗauki matasan masananmu aiki, ta kuma riƙa sanar da sakamakon a rediyo.