Tsirkiyar bas da haƙƙin mai saye

A kasuwanninmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram har Yamai, akwai maganar da kowa ya sani tun yana yaro: kaya in ya fita ba ya komowa. Wasu masu kanti har buga ta suke yi da Faransanci a ƙasan rasit, don kada ma ka yi tunanin dawowa. Mun saba da ita har ta zame mana kamar doka. Ni dai a ganina wannan magana tana cutar da mu, kuma tana koya wa ɗiyanmu cewa in an sayar maka da abu mai aibi, sai ka haɗiye ka yi shiru. Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka ƙaramin abu ne da yawancin iyaye ba su taɓa riƙewa a hannu ba, wato tsirkiyar gitar bas.

Shekaru ke nan ina kula da ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai a makarantar da nake koyarwa, kuma ni ke sayen kayanta da ɗan kuɗin da iyaye ke tarawa. Ga wanda bai san ta ba, bas ita ce gitar nan mai dogon wuya da kakkaurar murya, wadda ke riƙe gindin kiɗa tare da ganga. Galibi tsirkiya huɗu gare ta: mi, la, re, sol. Tun da kamfanin Fender na Amurka ya fito da Precision Bass a 1951, tsawon wurin da tsirkiya ke kaɗawa, daga jaki zuwa bakin wuya, ya zauna a kan inci 34, kimanin santimita 86. Mafi kauri a cikinsu, ta mi, takan wuce milimita 2 da rabi. Kowace ɗaya tana da wayar ƙarfe a ciki, sannan an nannaɗe ta da wata waya a waje. In naɗin ya kama ta cikin tsam, murya sai ta fito garau ta daɗe tana amo. In ya saki ko kaɗan, makaɗa sukan ce tsirkiyar ta mutu: ka taɓa ta ka ji kamar an doki buhun gero, kuma komai gyaran da ka yi ba ta zama daidai da ƴan uwanta.

Ido ba ya ganin wannan aibi. Sai ka yage leda, ka yanke tsirkiyar daidai gitarka, ka ɗaura, ka ja ta, sa'an nan kunnenka ya gaya maka gaskiya. A lokacin kuwa ba ta sake sayuwa ga kowa. Ga tsada, domin fakitin tsirkiyar bas yakan ninka na gita mai tsirkiya shida sau uku ko fiye. Na ƙarshe da na saya wa yara, da kuɗin kawowa, ya tasar wa jikka 20. Saboda haka duk wanda ya sayi tsirkiya, a kan amana ya saya, kuma ba a gane ko akwai amanar sai ranar da ya komo da kuka.

Sau uku na kai kuka ga masu ƙera tsirkiya, kuma amsa iri uku na samu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, halin nake son mu duba.

Na farko, tsirkiyar mi ce ta fito matacciya daga sabon fakiti. Na rubuta wasiƙar imel gajera, wani abokin aiki mai koyar da Ingilishi ya fassara mini. Bayan kwana biyu aka amsa. Mai amsar ta sa sunanta, ta tambayi inda aka saya, da lambar da ke jikin leda, da hoton tsirkiyar. Da na aika, ta ce za su ba da wata, amma kuɗin aikowa Nijar ya fi kuɗin tsirkiyar kanta, ko muna da wani a Turai? Muna da tsohon ɗalibi mai karatu a Faransa. Can aka aika, ya zo mana da ita lokacin babban hutu. Mun jira wata uku, amma ba mu taɓa jin an raina mu ba.

Na biyu, naɗin tsirkiyar la ne ya warware daga gindi, kusa da ɗan zoben da ke riƙe ta, tun ɗaurin farko. Amsar da ta zo ta na'ura ce, ba sunan kowa: a koma wurin wanda ya sayar. Wanda ya sayar ya ce shi ba shi ya ƙera ba, a tambayi kamfani. Na sake rubutawa sau biyu, shiru kake ji. Kuɗin iyaye ya tafi ke nan, kuma daga ranar ban sake sayen wannan samfur ba, na kuma gargaɗi duk wanda ya tambaye ni.

Na uku shi ne ya fi koya mini abu. Tsirkiyar sol ta tsinke sau biyu a wuri guda, daidai kan jaki. Kamfanin bai ba mu ko sisi ba. Amma wani ma'aikacinsu ya dubi hoton da kyau, ya ce tsinkewa sau biyu a wuri ɗaya alama ce ta kaifi a jikin ƙarfen jakin, mu shafa da yatsa mu ji. Gitar tsohuwa ce, ta wuce hannu da yawa kafin ta iso gare mu, kuma lalle akwai ɗan kaifi. Muka goge shi da takardar yashi, tsinkewa ta ƙare. Da sun aiko da sabuwar tsirkiya ba tare da sun duba ba, da ita ma ta tsinke. A wurina wannan kamfani da na farko sahu ɗaya suke, domin dukansu sun saurara, sun yi tambaya, sun faɗi gaskiya.

Masu ƙera tsirkiyar da suka san ciwon kansu ba don tausayi kaɗai suke sauraron kuka ba, akwai riba a ciki. A 1966, John Entwistle, makaɗin bas na ƙungiyar The Who ta Ingila, bai gamsu da tsirkiyoyin da ake da su ba. Ya je wurin James How, mai kamfanin Rotosound, ya zauna a masana'antar yana gwadawa yana faɗin abin da bai yi masa ba, ana gyarawa. Daga nan aka daidaita tsirkiyar Swing Bass 66, wadda har yau ake sayarwa a duniya, bayan fiye da shekara 50. Da James How ya ce masa kaya in ya fita ba ya komowa, da ya kori mutumin da ya kawo masa arziki har ƙofa. Mai kawo kuka aikin bincike yake yi maka kyauta. Wanda ya kamata ɗan kasuwa ya ji tsoro shi ne wanda ya ga aibi, ya yi shiru, ya sauya kanti.

Sai dai mu a nan muna da tamu matsalar daban, wato nisa. Manyan masu ƙera tsirkiya suna Amurka da Turai: D'Addario da La Bella a jihar Niyok, Ernie Ball a Kalifoniya, Rotosound a Ingila, Thomastik-Infeld a Biyana ta ƙasar Ostiriya. Kafin fakiti ɗaya ya iso Damagaram ko Tawa, ya bi ta hannun dillali da ɗan kasuwa da direba da ƴan duwan, wataƙila ya kwana shekara a kanti yana shan zafi da ƙura da raɓar damina. In ledar ba a rufe take ruf ba, tsatsa ta riga ka taɓa shi. Ga kuma jabu, mai kwali iri ɗaya da na gaske. Jabun ya yi yawa har kamfanin D'Addario ya riƙa buga lamba a ledar ciki, wadda mai saye zai shigar a shafinsu na intanet ya gane ko tasu ce. Kamfani kuwa ba ya ɗaukar alhakin abin da bai ƙera ba, kuma ba a ganin laifinsa.

Don haka nauyi ya komo kan mai kantin da ke garinmu. Shi ya karɓi kuɗinmu hannu da hannu, shi ya san inda ya saro kayansa, shi ya kamata ya tsaya tsakaninmu da kamfani. Wannan ba baƙuwar al'ada ba ce da za a ce daga Turai aka kwaso ta. Mai haɗa goge ko gurmi ko molo a unguwa, in ka komo masa da kayan da ya yi maka ka ce murya ba ta fita, karɓa yake yi ya ɗana ya ji, ya gyara jaki ko ya sake tsirkiya, domin gobe a masallaci ko wurin suna za ku haɗu. Maƙeri ma haka yake da hauyar da ta karye a bakin ƙota. Malamanmu na fiƙihu kuma sun daɗe da yin bayanin haƙƙin mayar da kaya in an gano aibin da yake ɓoye lokacin ciniki. Kayan kwali da leda ne suka zo suka ba mai sayarwa damar cewa shi ba ruwansa.

Na san abin da wasu za su ce. Ana fama da kuɗin abinci da na littattafai, wa ke ta tsirkiya? Wani ma zai tuna mini cewa Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yanzu yake kiɗa a manyan biranen duniya, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma shi ya san wayar birki ya ɗaura, ba wanda ya karɓi kuɗinsa da sunan ya ba shi tsirkiyar gaske. Rashi daban, cuta daban. Kuma wanda ba shi da yawa shi ya fi cancanta ya bi kadin kuɗinsa, tun da ba shi da na sake saye.

Akwai kuma hasarar da ta fi ta kuɗi. Yaro mai koyo bai san muryar tsirkiya mai rai da ta matacciya ba. In ya kaɗa ya ji ba daɗi, hannunsa yake zargi. Na ga yarinyar da ta yi mako uku tana fama da tsirkiya mara kyau, har ta ce mini ita ba ta da baiwa, a ba wani. Da aka sauya tsirkiyar, ita ce ta riƙe bas a bikin ƙarshen shekara. Haka abin yake ga littafin da shafinsa 16 ya ɓace, da kamfas ɗin da ba ya tsayawa, da fitilar sola da ta mutu mako guda kafin jarrabawa. Mugun kaya a hannun mai koyo yakan sa ya yanke wa kansa hukuncin da ba gaskiya ba.

Ga iyayen da ke niyyar saya wa ɗiyansu tsirkiya, ku auna gitar tukuna. Akwai bas mai gajeren wuya, inci 30, kimanin santimita 76, wadda ta fi dacewa da hannun yaro, kuma in an ɗaura mata doguwar tsirkiya, sashen mai kauri yakan hau kan maɗauri ya karye. Ku duba ko ledar ciki a rufe take. Ku karɓi rasit mai kwanan wata. Kada ku jefar da kwali sai an yi mako ana kaɗawa. Kafin ku miƙa kuɗi, ku tambayi mai kanti a gaban mutane: in ɗaya ta fito matacciya, me za ka yi mini? Amsar da ya bayar ta ishe ku sanin ko za ku saya.

Ga ƴan uwana malamai, ina ba da shawarar mu sa wasiƙar kai kuka cikin darasin rubutun wasiƙa, tun daga ajin CM2. Yaro ya koyi faɗin abin da ya saya, da ranar, da wurin, da abin da ya faru, da shaidar da yake da ita, da abin da yake nema a yi masa, cikin ladabi, ba zagi ba roƙo. Ya kuma koyi fara bincika ko laifin daga wurinsa yake, domin mai neman a yi masa adalci dole shi ma ya yi. Muna yi wa ɗiyanmu tarbiyyar kunya, kuma kunya ado ce. Amma in ba mu nuna musu inda iyakarta take ba, za su girma suna jin nauyin tambayar haƙƙinsu a kanti da asibiti da ofis.

Sannan mu dubi kanmu. Makaranta ma wuri ce da mutane ke kawo amanarsu su tafi, ba su ganin abin da ke ciki sai bayan watanni. In uba ya zo ya ce an yi kuskure a lissafin makin ɗansa, ko uwa ta ce ɗiyarta ta yi wata biyu ba a duba littafinta ba, wace amsa muke ba su cikin ukun nan? Mushe ya ce a ga darakta, darakta ya ce a koma wurin mushe? Ko kuwa muna ɗauko takarda mu sake lissafi a gabansu, in mu ne da kuskure mu gyara, in ba mu ba ne mu yi bayani har su gane? Ɗalibanmu suna tsaye a bakin ƙofa suna kallon yadda muke karɓar iyayensu, kuma daga cikinsu ne masu kantunan gobe za su fito.