Masuncin Goa Da Attajiri: Abin Lura A Fim Ɗin Bobby

Waɗanda suka manyanta daga cikinmu ba su manta da zamanin da finafinan Indiya suke cika gidajen sinima na Kano da Kaduna ba. A wannan mako za mu duba ɗaya daga cikinsu, watau Bobby, wanda Raj Kapoor ya shirya a shekarar 1973, inda ɗansa Rishi Kapoor ya fito tare da Dimple Kapadia.

Labarin dai shi ne, ɗan wani attajiri mai suna Nath ya kamu da son Bobby, jikar matar da ta yi renonsa, 'yar wani masunci Kirista mutumin Goa, mai suna Jack Braganza. Attajirin ya wulaƙanta masuncin, ya zarge shi da kwaɗayin dukiya, har ya miƙa masa kuɗi don ya janye 'yarsa. Masuncin kuwa ya ƙi karɓa. A zahiri, manufar fim ɗin ita ce ya la'anci girman kai irin na masu hannu da shuni.

Amma a lura da siffar da aka yi wa Jack. An nuna shi mai hayaniya, mashayin giya, wanda in ya sa kwat ba ta zauna masa, harshensa kuma a karkace. Saboda haka mai kallo yakan tausaya masa a wuri ɗaya, sa'an nan ya ƙyalƙyale masa da dariya a wurare da dama. To, lalle dariyar nan ƙanwar rainin attajirin ce, kuma ta fi tausayin daɗewa a zuciya.

Mutanen Goa fa ba haka suke ba. Turawan Fotugal sun kafa mulki a can daga 1510 har zuwa 1961, duk da haka ƙidayar 2011 ta nuna Kirista kashi 25 ne kurum cikin ɗari. Daga cikinsu an sami likitoci da malamai, da akawuna waɗanda suka riƙe ofisoshin gwamnati a Kenya da Zanzibar zamanin mulkin Ingilishi. Hatta kiɗan finafinan Bombay, 'yan Goa irin su Anthony Gonsalves suna cikin masu tsara shi, amma aka saka wa jama'arsu da hoton mashayi.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma abin da ya saba gani da shi yake aunawa. Ɗan kasuwa da zai ba da bashi, da ma'aikaci da zai duba takardar mai neman aiki, da uba da aka zo neman auren 'yarsa, kowannensu ya tambayi kansa: halin mutumin nan na bincika, ko kuwa sunan garinsu da sana'ar ubansa na ji na yanke hukunci?

Allah Ya sa mu yi wa kowa adalci. Sai mako mai zuwa.