DAGA BAKIN KOGIN NILU: Filin Ƙwallon Unguwarmu Da Daftarin Da Ya Ɓata

Na san wani zai ga kan maganar yau ya ce me kuma ya haɗa ɗan liman da ƙwallon ƙafa. To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin wata shawara ce ta taso a unguwarmu, kuma ina kyautata zaton irinta na nan tafe ga unguwanni da yawa, daga nan Sudan har Maradi da Kano.

Ga wanda bai sani ba, Wad Haddad gari ne a jihar Jazira, a kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani zuwa Sinnar, kusa da kogin Shuɗin Nilu. Hausawan wannan yanki jikokin mahajjata ne da masu hijira. Bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai kakanninmu suka bazu cikin ƙauyuka suna shuka da cira da gyaran magudanan ruwa. Cikin 'ya'yan waɗannan ma'aikata ne ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta fito.

Dattawanmu sun ce abin ya samo asali ne daga shekarar 1970, lokacin da Sudan ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka. An raba wasannin tsakanin Khartum da Wad Madani, kuma a Madani ne Ghana da Masar da Gini da Kongo Kinshasa suka fafata. Samarinmu kaɗan suka samu kuɗin mota suka je kallo, sauran suka kewaye rediyo guda a gindin bishiya, har ranar da Sudan ta doke Ghana da ci ɗaya da nema ta ɗauki kofin. Kafin nan yara na buga ƙwallon tsumma a lungu, wato a cusa tsummoki cikin tsohuwar safa a ɗaure. Bayan nan ne samari suka ce su ma suna son fili da riga da suna.

Filin da suka hanga fako ne a bayan masallaci, inda ba a noma. Kakana shi ne liman a lokacin, don haka wurinsa suka zo. Mahaifina, wanda yake ɗan saurayi a cikinsu, ya ba ni labarin cewa tsohon ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce: "Ku 'ya'yana, fili na Allah ne, amma ina da sharuɗɗa uku. In an kira sallar Magariba wasa ya ƙare, ko da saura minti ɗaya. Wanda bai wanke allonsa ba, ba shi ba taɓa ƙwallo. Wanda kuma ya zagi uwar wani, ya bar filin har sai ya je ya ba ta haƙuri da bakinsa." Suka ce: "Mun ji, Malam, mun kuma yarda." Aka yi gayya aka share ƙaya, kafinta ya ba da itacen raga, wani tela ya ɗinka riguna bashi har lokacin cirar auduga. Aka sayi daftari mai baƙin bango, aka rubuta sharuɗɗan nan a shafin farko, a ƙarƙashinsu kuma sunan kowane ɗan ƙungiya da abin da ya bayar.

Kada a raina irin wannan mafari, domin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan ma haka suka soma. Al-Marrikh ta Omdurman, wadda ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1989 bayan ta doke Bendel United ta Nijeriya, ta faro ne a 1908 da sunan unguwar Masalma, sai a 1927 aka sauya mata suna. Al-Maurada sunan unguwa ce a bakin kogi a Omdurman. Jazirat al-Fil ta Wad Madani ita ma sunan unguwarta take amsawa. Daga irin waɗannan lunguna ƙwallon Sudan ya girma, har aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1936, kuma a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957 tare da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu.

Tamu ƙungiyar ba ta taɓa cin kofin da jarida za ta buga ba, amma ta sha gwagwarmaya irin tata. A 1976 Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe ƙungiyoyin wasanni na ƙasa baki ɗaya, ya ce wasa ya koma hannun jama'a. Manyan ƙungiyoyi suka watse, wasu 'yan wasa suka tafi ƙasashen Larabawa, har aka janye dokar a shekarar da ta biyo baya. Namu samarin kuwa ba su da ofishin da za a rufe, sai suka ci gaba da wasansu da yamma. Daga baya, da noman auduga ya ja baya, matasa suka yi ta tafiya Khartum da Saudiyya neman abinci, aka yi shekarun da da ƙyar ake haɗa mutum goma sha ɗaya. Duk da haka daftarin bai daina cika ba, saboda aikinsa ya wuce lissafin ci. A cikinsa ake rubuta gudummawar ɗan wasan da ya karye, da ta wanda zai yi aure, da ta gidan da aka yi rasuwa. Ni kaina kuɗin littattafaina na shiga sakandare daga asusun nan aka cika su, kuma na ga sunana a rubuce.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Bahaushe a Sudan ya daɗe yana jin ana kiransa baƙo a ƙasar da aka haifi kakansa, kuma abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022, inda aka kashe mutane da yawa aka raba dubbai da gidajensu, ya nuna inda wannan magana take kai mutane. A filin nan ne na fara ganin ɗan Bahaushe da ɗan Balarabe da ɗan ma'aikatan da suka zo daga yammacin ƙasa suna sanye da riga ɗaya, suna shan ruwa a moɗa ɗaya. Wanda kuka tsare gida tare shekara biyar, da wuya wani ya zo rana ɗaya ya ce maka maƙiyinka ne ka yarda.

Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar wannan shekara, wutar ta iso ƙauyukanmu, mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Hatta Al-Hilal da Al-Marrikh sai da suka yi hijira, suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar ƙasar Muritaniya. Bayan sojoji sun sake karɓar Madani a Janairun 2025, jama'a suka soma komowa. Muka tarar an cire itatuwan raga an yi girki da su, akwatin da ake ajiye riguna babu shi, daftarin nan mai baƙin bango kuma har yau ba a san inda ya shiga ba.

Yanzu ga shawarar da ta taso. Wasu daga cikin manyanmu suna ganin a yanka filin a sayar, a gyara rijiya da rufin makarantar allo da kuɗin. Ba na zarginsu, domin buƙatar gaskiya ce, kuma mai jin ƙishirwa ba a yi masa wa'azin ƙwallo. Abin da na faɗa a gaban mahaifina da sauran dattawa shi ne: rufi in ya lalace ana sake shi baɗi, fili kuwa in aka gina shi ya tafi ke nan har abada. Muna da yara waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, suka yi kusan shekara biyu ba makaranta. In ba mu ba su wurin da za su gaji da yamma a gaban idonmu ba, akwai masu jiran su ba su bindiga. Addininmu kuma bai hana motsa jiki ba, tun da ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Abin da aka hana shi ne wasa ya cinye salla, ko a shigar da caca da zagi a cikinsa, kuma sharuɗɗan kakana sun riga sun toshe waɗannan ƙofofi.

Na ba su misali da wata ƙungiya a can birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, mai suna South Sydney, wadda ke buga wasan ragbi, wato ƙwallon zari-ruga da ake ɗauka a hannu. An kafa ta a 1908 a unguwar ma'aikata ta Redfern. A ƙarshen 1999 masu shirya gasa suka cire ta saboda lissafin kuɗi. Mutanen unguwa suka ƙi yarda, dubun-dubatarsu suka fito kan titi, aka je kotu, har aka mayar da ita a 2002, kuma a 2014 ta zama zakara. Waɗannan mutane sun gane cewa abin da kakanni suka kafa da guminsu amana ce a wuyan jikoki.

Dattawa sun ɗage yanke hukunci zuwa bayan girbi, sun ce mu matasa mu kawo wata hanyar samun kuɗin rijiya. Mun soma rubuta wa 'yan ƙungiya na da waɗanda ke Saudiyya da Gadarif da Port Sudan. Ni kuma na sayi sabon daftari, ina bin tsofaffin 'yan wasa gida gida, ina rubuta abin da suka tuna. Cikin waɗanda suka share filin da hannunsu saura mutum uku a raye, ɗaya ma ba ya gani sosai, amma ya karanto mini sunayen abokansa goma sha ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Roƙona gare ku, iyaye, shi ne ku leƙa filin da 'ya'yanku ke wasa, ku san wanda ke kula da su, ku sa musu sharaɗi irin na salla da karatu, ku kuma tsaya kada a sayar da wurin kuna kallo. Ku matasa kuma, ku je wurin dattawanku da alƙalami tun suna raye. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.