Tsakanin Tukunya da Mazari

Akwai wata al'ada da ta fara kafuwa tsakanin matan garuruwanmu na kudu da birnin Sakkwato, daga Dingyaɗi da Boɗinga har Shagari, wadda maza suka sa wa ido ba tare da sun tsaya sun fahimce ta ba. Mata huɗu ko biyar, ƙawaye ko maƙwabta, sukan haɗa kuɗin mota su shiga birni sayen zare, wata na ɗinkin hula, wata ulu na saƙar kayan sanyin jarirai. Kafin su dawo sun yi musayar abin da ya fi zaren yawa, domin a cikin motar nan ake koyon yadda ake miyar agushi ba ta tsinke ba, da yadda wata ta ga an haɗa zogale da gyaɗa a bidiyon waya ta gwada ya yi. A majalisun maza sunan wannan tafiya yawon banza. Ni ban yarda ba, kuma dalilina ya wuce batun tausaya wa mata.

Mu fara da tukunya, tunda ita ce ta fi jawo gunaguni. Ƙorafin da nake yawan ji shi ne matan yanzu sun watsar da miyar gargajiya sun koma kwaikwayo. Ina so mai wannan ƙorafi ya faɗa mini wace ce miyar gargajiyar. Tumatir da barkono da gyaɗa duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, ba su taka ƙasar Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Wata rana can baya, wata mata a ƙasar Hausa ce ta fara jefa barkono a tukunya, kuma ina kyautata zaton mijinta ya yi tsaki. Yau ga shi muna kiran jar miya tamu, muna rantsuwa da miyar gyaɗa. Abin da ya daɗe a ƙasar nan shi ne kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa, wadda mu Sakkwatawa muke kira sure, sai gauta da daddawa. Da yawa daga cikin sauran baƙi ne da suka zauna har aka manta ranar zuwansu. Saboda haka matar da ta gwada miyar Yarbawa ko ta Ibo a gidanta tana kan turbar kakanninta ne.

Inda nake da damuwa daban ne. Ku duba abin da ya sami daddawa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yin ta ba yana ɗaukarta ƙaramin abu. Ana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, tsawon yini har ɓawonta ya yi laushi, a surfa, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A cikin kwanakin nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke farfasa sinadarin gina jikin da ke cikin kalwar, su fitar da ɗanɗanon da ke sa miya ta zauna a baki. Wanda ba shi da kalwa yakan yi da 'ya'yan sure, a sami daddawar batso. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan ɗanɗano shi ne dai wanda wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya tace daga ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi a 1909 da sunan Ajinomoto, wanda matanmu ke kira farin magi. Shi kuwa dunƙulen Maggi daga Suwizalan ya fito, kamfanin Nestlé ya mallake shi a 1947. Wato abin da Turawa da Japanawa suka kafa masana'antu a kansa, tsofaffinmu suna yin sa a bayan ɗaki da kwando da ganye, ba su san sunansa ba, ba su kuma bukaci sani ba.

Ba na cikin masu cewa dunƙule guba ne; ana ci a gidana. Amma kaso mai yawa na dunƙulen nan gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Matar da ta jefa dunƙule huɗu a miya, ta ƙara farin magi, ta kuma barbaɗa gishiri, tana ciyar da mai hawan jini abin da likita ya hana shi, da kyakkyawar niyya. Daddawa kuwa, bayan ɗanɗano, abinci ce a karan kanta, tana cike gurbin nama a gidan da nama sai ranar Salla. Sannan kuɗinta a gari yake tsayawa, daga mai ɗorawa zuwa mai dafawa zuwa yarinyar da ke talla. Kuɗin dunƙule kuwa ba ya kwana a Dingyaɗi.

Abin da ya sa nake tsoron makomar daddawa shi ne mun riga mun ga irin wannan tafiya a kan zare, tun daga farkonta har ƙarshenta.

A zamanin Daular Usmaniyya tufa ce babbar masana'antar ƙasar nan. Lokacin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma yana Boɗinga, da wuya a shiga gida ba a tarar da mazari ba. Manomi ya noma kaɗa, mace ta gurje ta ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa ta kaɗa. Siririn zare ya tafi wadari, abawa ta shiga ƙoshiya. Masaƙi ya saƙa, marini ya rina da baba, mabugi ya buga, maɗinki ya ɗinka, fatake su ɗauka. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da gaɓar Bahar Rum. Duk wannan ciniki a kan yatsun mata ya tsaya, domin in ba a kaɗa ba, ba a saƙa. Da kuɗin kaɗi mace ke yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta sayi akuya, ta yi biki ba ta roƙi kowa ba.

Turawan mulki sun zo da wata manufa. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902 domin a kwashi ɗanyar auduga zuwa masaƙun Lankasha, a dawo mana da yadi. Bayan haka gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin mayar da saƙar gida, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kano da Funtuwa da Gusau. Waɗannan ma sun durƙushe saboda rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi. Babbar cikinsu, UNTL ta Kaduna, ta dakatar da aiki a 2007. Yau matar Dingyaɗi da kakarta ke sayar wa masaƙa zare, ita ce ke biyan kuɗin mota ta je birni sayen zaren da aka ƙera a Sin. Ulun ma da take saye, sunansa kawai ulu, galibinsa babu gashin tunkiya ko ɗaya a ciki, daga sinadaran man fetur ake yin sa.

Wata gwaggona a Dingyaɗi, wadda ta yi kaɗi a ƙuruciyarta, ta taɓa murza irin wannan zare tsakanin yatsunta, ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba ya shan gumi." Na ce, "Gwaggo, amma ba ya tsinkewa, ga launi iri-iri." Ta ce, "Haka ne, shi ya sa muka aje mazari. Wa zai kwana uku yana kaɗa abin da za a ba shi a kasuwa da kuɗin goro?" Ta fi mu gaskiya, mu 'yan boko masu kukan al'ada daga cikin ofis. Ba wanda ya ƙwace mazari daga hannun kowa. Lissafi ne ya kashe shi, kuma babu wa'azin da zai tashe shi. Wanda ya ce matanmu su koma kaɗi don kishin gargajiya, ya fara faɗa mana nawa zai sayi abawar.

To a nan ne tafiyar ƙawayen nan take da muhimmanci. Kaɗi ya tafi, amma hannun bai mutu ba. Ya koma kan allura da kwarashi. Hular da ake ɗinkawa a cikin gidaje tana shiga kasuwa, kuma da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Janairu, kowace mai jego tana neman hular sanyi da safa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa mace ɗaya ba za ta je birni don ƙulli biyu na zare ta ci riba ba. In sun haɗu su biyar, sai su sara da yawa a farashin sari, su raba, wani lokaci ma su tura biyu a madadin sauran. Wadda ta fi iya ciniki ta yi magana da mai shago, wadda ta fi ido ta zaɓi launi, wadda ta ga sabon zane ta koya wa saura. A jami'a muna da dogayen sunaye ga irin wannan tsari, muna shirya masa taron bita a otal. Su kuwa adashi suka sani, da amana.

Tafiyar mata a ƙungiya don neman abin da zai amfane su ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. 'Yan taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, daga ƙauyuka suke tasowa a ƙarƙashin jajinsu, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Ban daidaita neman ilmin addini da sayen ulu ba, kada a yi mini mummunar fassara. Ina nufin magabatanmu sun san cewa abin da mace ta koya a cikin 'yan'uwanta mata yana isa gidaje da yawa fiye da abin da aka faɗa a dandali. Maigidan da ya hana wannan fita, da sharaɗinta na izini da mutunci, ya sani cewa ya rufe ƙofar da kuɗin sabulu da na makarantar allo ke shigowa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Abin da nake roƙon ƙawayen nan shi ne, a cikin sababbin miyar da ake gwadawa a riƙa saka tsofaffi. Yarinyar da ta tashi a kan dunƙule, miyar sure da daddawar batso sabuwa ce a wurinta kamar yadda agushi yake sabo a wurin kakarta. Bambancin daddawa da zare shi ne har yanzu lissafinta bai faɗi ba: akwai masu saye, akwai masu iya yi, kuma tsadar kayan shago ta sa wasu sun fara waiwayarta. Barazanarta tana daji, inda ake sare ɗorawa don itace da gawayi, itacen da ke shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Ranar da kalwa ta fi ƙarfin talaka, maganar ta ƙare.

Mu ma a jami'a akwai namu aikin. Na taɓa tambayar ɗalibai a aji mece ce abawa, aka yi tsit, sai wata daga baya ta ce ko sunan gari ne. Kalmar tana nan a ƙamusun Bargery na 1934, tare da ɗimbin kalmomin kaɗi da saƙa da girki, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake riƙe mazari, ko yadda ake gane kalwa ta nuna daga warinta. Masu wannan sani suna nan da rai a Dingyaɗi da Sifawa da Shagari, mafi yawansu sun haura saba'in. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna neman batun kundin digiri, da yawa su ƙare a kan abin da aka rubuta sau goma. Wayar da ke aljihunsu tana ɗaukar murya da hoto, kuma daga Sakkwato zuwa Boɗinga ba ta kai tafiyar awa guda ba. Na riga na ba biyu daga cikin nawa wannan aiki a zangon bana, ɗaya a kan daddawa, ɗaya a kan kalmomin kaɗi, da sharaɗin kowace ta zauna da tsohuwar har a gama aikin a gabanta.