Baƙin Allo da Amanar Muryoyin da Aka Naɗo

Ɗalibin da ya dawo daga Tibiri ko Mirriya da muryoyin tsofaffi cike da wayarsa yakan ɗauka wahala ta ƙare. Alhali a nan ta fara. Fayil ɗari biyu ne a gabansa, wasu a sigar m4a wadda Praat ba ya buɗewa. Abin da aka saba shi ne a nemi wata manhaja mai maɓallai, a yi ta latsawa ɗaya bayan ɗaya, ko a ɗora hirar a wani shafin intanet ya juya ta. Na biyun ya fi muni, domin dattijuwar da ta yarda a naɗi muryarta ba ta yarda a miƙa ta ga wanda ba a sani ba.

Lokaci ya yi da sassan kimiyyar harshe za su koyar da layin umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi. Kayan aikin kyauta ne, ba sa bukatar intanet bayan an saka su, kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar su. FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, yana juya sigar sauti da layi guda: ffmpeg -i hira.m4a -ac 1 hira.wav. SoX yana yanke hira gunduwa-gunduwa, yana kuma zana hoton sauti. ImageMagick kuwa na hotuna ne, kamar shafukan ajami da aka ɗauka da waya.

Sai dai sauri ba shi ne babbar hujja ba. Hujjar ita ce umarnin da aka rubuta yana zama shaida. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: kuka na hawaye da kuka ta miya ɗaya suke a takarda. Saboda haka duk wanda ya yi iƙirari a kan waɗannan, faifansa ne madogararsa. In malami ya tambaya ko an rage hayaniya ko an ƙara ƙarfin murya kafin awo, mai latsa maɓalli sai ya dogara da tunaninsa, wata shida bayan aikin. Mai layin umarni zai buɗe ɗan fayil ya nuna, wani kuma a Tawa ya maimaita aikin yadda yake.

Masu tsoron baƙin allo suna da tasu gaskiyar. Kayan nan ba sa gardama da mai su. Umarnin mogrify na ImageMagick yana rubutawa a kan hoton asali, kuskuren layi ɗaya zai iya lalata kundi sukutum. Kuma juya saƙon muryar WhatsApp zuwa wav ba ya dawo da abin da matsewa ta zubar. Karin sauti galibi yakan tsira, amma mai auna fashewar ƙ da ts ba zai saki jiki da irin wannan faifai ba. Wannan dalili ne na koyarwa a aji, a gaban malami, ba na barin kowa ya laluba shi kaɗai da dare ba. Zama uku ko huɗu a cikin darasin ilimin furuci sun isa, na farko kuma a kan ajiye kwafin asali a wurin da umarni ba ya kaiwa.