An shigar da sunanka amma bai fito ba: laifin wa?



Duk lokacin ɗaukar ɗalibai za ka ga matasa daga Kurfi da ƙauyukan kewaye sun cika shagunan kwamfuta na Dutsin-Ma, kowa na duba ko ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Wani a ce masa an shigar da sunansa, ya duba bai gani ba, nan take ya ce an sayar da gurbinsa.

Ba kullum ba ne haka. Shigar da bayani daban, bayyanarsa daban. Na'urar bincike ba ta bin babban kundi layi-layi idan ka tambaye ta, fihirisa take dubawa, irin wadda almajiri ke buɗewa don ya gano babi. Muddin ba a sabunta fihirisar ba, sabon suna yana ciki amma ba mai ganinsa. Manhajar Elasticsearch takan sabunta tata duk daƙiƙa 1, ita kuwa Solr sai an ba ta umarnin tabbatarwa. Mai kula da na'ura yana iya tsawaita wannan tazara, domin yawan sabuntawa na cin ƙarfinta.

Don haka jinkirin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Yaron da bai sani ba zai sake biyan kuɗin mota da na mai shago gobe da jibi. Mafi muni, a wannan tazara ce ɗan damfara ke cin kasuwarsa: ya karɓi kuɗi wai zai sa suna ya fito, alhali da kansa zai fito.

Wani zai ce ai da wannan uzuri ake rufe maguɗi. Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin wajibi ne kowace makaranta da hukuma ta rubuta a saman shafinta rana da sa'ar da aka yi sabuntawar ƙarshe, da tsawon lokacin da ya kamata a jira. Idan wa'adin ya wuce suna bai fito ba, mai ƙorafi yana da hujja a hannu.

Kafin nan, ƙannena, ku adana takardar shaidar rajista, kada ku ba kowa ko sisi. Allah Ya ba mai rabo sa'a.